Injin da Hannu Ɗaya Zai Iya

Talata, da hantsi

Na share ɗakin aikinta, sai daga baya na yi da-na-sani. Guntayen takardun da ke ƙasa ita ta zubar da su ranar Asabar da safe, kafin abin ya faru. Sai da na juye su a kwandon shara na tuna. Na tsaya riƙe da tsintsiya kamar wanda aka aika ya manta saƙon.

Almakashinta yana ƙarƙashin tebur inda ya faɗi, a buɗe. Shi ban taɓa ba.

Rubutu ba aikina ba ne. Ni mai gyaran famfo ne, iyakar rubutuna awon bututu a bayan kwali. Amma gidan nan ya yi shiru da yawa, idan kuma na fara magana ni kaɗai, matar maƙwabcina za ta jiyo ta katanga ta ce kan Malam ya taɓu.

Gwana nake ce wa matata tun kafin a haifi Babba, ɗanmu na fari. Takarda take yankawa: furanni, tsuntsaye, haruffa, katunan gayyata, 'yan akwatunan kyauta. Duk abin da ke manne a bangon makarantar yaran da ke bayan layinmu aikin hannunta ne. Ba ta zane kafin ta yanka. Tana hira da kai, almakashi yana tafiya, sai dai ka ga tsuntsu ya faɗo a cinyarta.

Yanzu tana asibiti, ɓangaren mata, gadon jikin taga.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Likita ya faɗa mini sunan abin. Ba zan rubuta shi ba.

Da safe nas ta ɗora mata hannun dama a kan bargo. Da na koma da rana yana nan yadda aka ajiye shi. Ta faɗi wata magana, na ce, “Haka ne, Gwana.” Ko kalma ɗaya ban gane ba. Ta san ban gane ba. Ta juya fuska wajen taga.

Alhamis, da safe

Famfon kicin yana ɗiga. Ina jin sa.

Asabar, bayan azahar

Babba ya koma wurin aikinsa, ba su ƙara masa hutu ba. Auta tana can garin mijinta da tsohon ciki, an hana ta hawa mota. Kullum sai ta kira ta yi kuka, ni in rarrashe ta, ta ajiye waya, ni kuma in zauna.

Ɗazu shugabar makarantar yaran ta zo gida yi mini jaje. Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya.

“Malam, wallahi ba don aikin na zo ba.”

“Na sani.”

“Sai dai hutu ya kusa ƙarewa, ajujuwan kuma an yi musu sabon fenti, bangon fayau yake.”

Na ce, “Za a yi.”

Ta dube ni kamar ta ce wa zai yi, sai ta haɗiye. Tana saka takalmi ta ce a wani taron malamai ta taɓa ganin inji mai yanka takarda, a sa masa farar takarda ya fito da fure, babu almakashi. Ta ce ta taɓa faɗa wa Gwana, Gwana ta yi dariya ta ce ranar da yatsunta suka yi ritaya za ta saya.

Bayan ta tafi na daɗe a tsaye a ƙofar gida.

Lahadi, da yamma

Na faɗa wa yaran maganar injin. Babba ya ce, “Baba, a bari ta miƙe tukuna.” Auta kuwa kafin in ajiye waya ta cika mini ita da bidiyo. Duk mata ne masu jan farce, hannu bibbiyu, suna murmushi. Na kalla har idona ya yi yaji. Ba ɗaya a cikinsu da ta nuna yadda ake yi da hannu ɗaya.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na je shagon da take sayen takarda, a saman benen kasuwa. Ban taɓa shiga ba, a ƙasa nake jiranta a kan babur ina ƙorafin ta daɗe. Yau na gane abin da ke riƙe ta. Takarda kala-kala har rufi.

Mai shagon yarinya ce kamar Auta, da tabarau a wuya. Da na faɗi ko ni wane ne ta miƙe.

“Lah, Baba, kai ne mijin Anti? Ina ta shige? Takardarta mai ruwan toka ta iso tuni.”

Na ce tana hutawa. Na ce inji na zo gani.

Iri uku ta sauko da su. Na farko na hannu ne, mai nauyi, kamar injin taliya da ya yi ƙiba. Kana shimfiɗa takarda a kan farantin roba, ka ɗora wani siririn ƙarfe mai siffar abin da kake so, ka rufe da wani farantin, ka tura ciki ka murza mariƙin. Yana ƙara kamar ƙashi ya karye. Na zabura, ta yi dariya ta ce haka yake gaisuwa. Kowace siffa da ƙarfenta, in tsuntsu kake so sai ka mallaki ƙarfen tsuntsu.

Na biyu ɗan'uwansa ne, sai dai maɓalli ake dannawa ya ja farantin da kansa. Na ji daɗinsa, amma ƙofarsa ƙarama ce, tafin hannuna ya kusa cika ta. Na katin gayyata ne. Tsuntsayen Gwana na bango ba za su shiga ba.

Na uku na lantarki ne, da waya ake ba shi umarni. Ana manna takarda a wata shimfiɗa mai danƙo, 'yar wuƙa kamar ƙwayar shinkafa ta bi ta yanka duk abin da aka zana a wayar. Ba ruwansa da ƙarafe.

Na ce zan gwada da kaina. Na sa hannun dama a aljihu.

Na hannun, ina murzawa yana tafiya a kan teburin shagon, sai da na tare shi da ciki. Na lantarkin bai wahalar da ni ba sai wurin ɓamɓaro takarda daga danƙon, na danne da gwiwar hannu ta fito.

“Baba, ciwo hannunka yake?”

“A'a.”

Ta dubi aljihun, ta dube ni. Ta ce a hankali, “Anti ce?”

Na ɗaga kai.

“Allah ya tashi kafaɗarta.” Ba ta ƙara tambaya ba. Sai ta mayar da nata hannun baya, ta ja injin gabanta, muka yi ta gwadawa mu biyu kamar masu wasan yara, har wata mata da ta shigo sayen gam ta tsaya kallonmu.

Na ce zan yi shawara. A hanya na tuna ban san da wa zan yi ba.

Laraba, da safe

Famfon. Kayan aikina suna bayan ƙofa, taku kaɗan ne.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Yaya ta tare ni a barandar asibiti. Ita ce babbar yayar Gwana, ita ta goye ta, kuma har yau da muryar nan take yi wa kowa magana.

“Baban Auta, ranar Litinin za su sallame ta. Gidana za ta wuce.”

Na ce tana da gida.

“Gida mai matakala a ƙofar banɗaki? Wa zai yi mata wanka? Wa zai juya ta? Kai da kake wuni a ƙarƙashin tankin mutane? Ni ina da surukai biyu da jikoki, ba za ta yi minti ɗaya ita kaɗai ba.”

Sai na ji bakina yana ba ta labarin injin. Ta saki baki tana kallona.

“Inji? Baiwar Allah ba ta iya kai cokali baki ba, kai kana yawon kasuwa neman inji? Wannan aikin ai shi ya cinye ta, kullum a duƙe. Ka tattara takardun nan ka ba makaranta, ka sa mata gado a ɗakin idan Allah ya sa ta dawo.”

Idan. Ita ma ta ji abin da ta faɗa, ta gyara mayafi ta shige.

Ba ta yi ƙarya a maganar matakalar ba. Ni na gina ta da hannuna.

Litinin

Sun wuce da ita. Na bi motar a babur har ƙofar gidan Yaya.

Laraba, bayan la'asar

A gidan Yaya baƙo ne ni. Ana shimfiɗa mini darduma, a kawo mini ruwa a tire, a ce bari a gani ko ta farka. Matar da na shekara talatin da wani abu ina jin numfashinta, yau sai an yi mini iso.

Sun kyautata mata, ba zan ɓoye ba. Kanta a gyare, ɗakin yana ƙamshi. Amma kowa magana yake yi a kanta kamar ba ta wurin. “Ta ci?” “Ta ɗan taɓa.” “Ta yi barci?” Tana zaune tana bin bakinsu da ido. Idan ta fara haɗa kalma, kafin ta kai ƙarshe wata ta ƙarasa mata, yawanci ba daidai ba.

Ni ma na tambayi surukar Yaya ko ta ci. A gabanta.

Alhamis, da hantsi

Na gyara famfon. Roba ce ta cinye, aikin da bai kai shan shayi ba. Yanzu ba abin da ke motsi a gidan. Da na sani na bar shi.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na fasa matakalar banɗaki, na zuba siminti ya zama gangare. Na kafa bututu a bango inda za a riƙa kamawa. Ba wanda ya ce in yi. Ba wanda ya gani.

Litinin, da rana

Na tarar da matar da ke zuwa motsa mata gaɓoɓi. Doguwa ce mai ƙarfin hannu, ba ta wasa. Na bi ta har waje na tambaye ta maganar injin, wanne ya fi sauƙi ga mai hannu ɗaya.

Ta ce, “Baba, wa ya ce maka hannu ɗaya gare ta? Biyu ne. Ɗayan fushi yake. In kuka mayar da shi ɗan kallo, ɗan kallo zai zama.”

Na ce to wanne zan saya?

Ta ce ita ba ta san inji ba, jiki ta sani, ta tare mota ta tafi.

Na dawo gida kaina ya fi na da ɗaurewa.

Talata, da yamma

Shugabar makaranta ta kira, tana ta ba da haƙuri. Sun ba wani mai buga hotuna a leda aikin ajujuwan. Ajin ƙananan kawai ta hana, ta ce zai jira ko zuwa tsakiyar zango ne. Na ce na gode. Ban faɗa wa Gwana ba.

Na yanke shawara: na lantarkin. Auta ta ce shi, mai shago ta ce shi ya fi sauƙi, Babba ma ya ce in dai dole ne, to shi. Zan koyi wayar, Auta za ta koya mini daga can.

Laraba

Ban fita ba. Na dafa abinci na manta ban ci ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta wannan a hankali don kada in tsallake komai.

Da safe na je shagon da niyyar ɗauko injin. Mai shago ta ce, “Baba, Anti fa ta gani?” Na ce ba ta cikin halin gani. Sai ta zaro takardar nan mai ruwan toka da Gwana ta yi oda, ta yanka tsuntsu ɗaya a na lantarki, ɗaya a na hannu, ta sa a ambulan. Ta ce injin ba gudu zai yi ba.

Na tarar da Yaya da surukarta a ɗakin. Na ɗora tsuntsayen a kan bargo, na lantarkin a sama. Ya fi kyau a ido, har gashin fiffike an fitar masa. Na fara bayani, wannan ba ya son ƙarfi, waya kawai, Auta ma ta ce.

Gwana ba ta saurare ni ba. Ta ɗauki na saman da hagu, ta bi gefensa da babban yatsa. Ta ɗauki ɗayan, ta bi. Ta koma na farko. Sai ta ce, da ƙyar:

“Baki.”

Na zaro hankici na goge mata gefen baki, wurin da ya ɗan sauka. Ta kawar da kai.

“Baki.”

Yaya ta ce, “Ruwa take so, bakinta ya bushe.” Surukar ta miƙo kofi.

Gwana ta ture kofin har ya zube a kan Yaya. Ta kamo hannuna, da ƙarfin da ban san ya rage mata ba, ta ɗora yatsana a gefen tsuntsun lantarkin ta ja. Sai na ji shi. Ƙaiƙayi-ƙaiƙayi, wuƙar ta tayar da gashin takardar. Ta ɗora yatsan a ɗayan. Sumul, gefen ya kwanta kamar an yi masa guga.

Bakin takarda take nufi.

Na ce, “Wannan ɗin ne bakinsa bai yi ba?”

Ta ɗauki tsuntsun lantarkin, wanda ni da yarana da kowa muka zaɓa mata, ta sake shi ƙasa ta gefen gado. Ta dube ni da kallon da take yi mini idan na sayo tumatir ruɓaɓɓe.

Na ce, “Gwana, na hannun fa murzawa ake yi. Da nauyi.”

Ta ce, “To?”

Wannan kalmar ta fito tas, kowa ya ji ta. Yaya tana matse zani ta ce, “Ikon Allah. Ciwo bai taɓa halin ba.”

Na fito na hau babur, sai da na yi nisa na lura dariya nake yi, hawaye kuma yana shiga mini kunne saboda iska. Makonni ina zagaye gari ina tambayar kowa. Ita kaɗai ce ban tambaya ba.

Asabar, da rana

Na sayo shi, da ƙarafen tsuntsu, ganye, da haruffa manya. Na goyo shi a bayan babur kamar ɗan maraƙi.

Na rage wa teburin ƙafa don ya yi daidai da mai zama. Na ɗaure injin da ƙarafen da nake kama bututu da su, ko ni na jingina ba ya motsi. Mariƙin na juyo shi ɓangaren hagu, na sa masa guntun tiyo don ya cika hannu.

Na gwada. Ganyen farko ya fito rabi a yanke, rabi a manne. Na biyu ya fito. Na ɗaga shi ina neman wanda zan nuna wa.

Litinin, da yamma

Na roƙi Yaya ta kawo ta ko na wuni ɗaya ne. Ta ce sai ta ga yadda jikin ya kwana.

Laraba

Ba su zo ba.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Ba su zo ba. An ce ta kwana da zazzaɓi. Na je, tana barci, na sha ruwan tire na dawo. Na rufe injin da tsohon zaninta saboda ƙura, sai kuma na kasa shiga ɗakin, don daga ƙofa kamar mutum ne a zaune.

Lahadi, gab da magariba

Sun zo da hantsi. Ɗan Yaya ya tuƙo su, ya ce zai dawo da la'asar.

Da sanda ta shigo, ni a dama, Yaya a hagu. Yaya ta leƙa banɗaki ta ga gangaren da bututun bango, ta fito ba ta ce komai ba, wanda a wurin Yaya yabo ne.

Gwana ta zauna a gaban injin ta daɗe tana kallonsa. Na haɗa mata farantan. Ta warware su, ta gyara zaman takardar, ashe a karkace na sa. Ta kama mariƙin da hagu. Ya tafi rabi ya tsaya, farantin yana zamewa baya. Na miƙa hannu zan tura, ta harare ni. Ta saki mariƙin, ta ɗauko hannun daman daga cinyarta kamar mai ɗauko jariri, ta ɗora shi a kan farantin. Nauyinsa kawai. Ta koma ta murza.

Injin ya yi ƙarar nan tasa, Yaya ta yi salati ta ce ya karye.

Tsuntsu ya fito. Gumi ya jiƙa mata goshi. Ta bi bakinsa da yatsa, ta ajiye a gefe, ta nuna mini takarda ta gaba.

Ba da yawa ta yi ba. Tana yi tana hutawa, hannun yana zamewa tana mayar da shi. Ganyen da na yanka a makon nan na kawo mata cike da kwali, ta zauna ta tace su, fiye da rabi ta tura mini gefe. Na faɗa mata maganar ajujuwan, cewa na ƙananan ne kawai ya rage. Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta ce, “Shuɗi.” Na kawo shuɗiyar takarda. Wannan karon na gane tun a faɗar farko.

Da la'asar mota ta yi hon a waje. Yaya ta miƙe ta ɗauko mata mayafi da sanda.

“Tashi mu je, kin gaji haka nan. Ga maganinki na dare ma yana can.”

Gwana ba ta ɗago ba. Tana ƙoƙarin daidaita ƙarfen harafi a kan takarda. Ta ce wani abu, Yaya ta ce, “Me?” Ba wanda ya ƙarasa mata. Muka jira. Ta sake haɗa shi, kalma bayan kalma.

“Ban. Gama. Ba.”

Yaya ta dube ni kamar ni na kitsa. Na ɗaga hannu biyu. Ta tsaya da mayafin a hannu, motar tana ta hon. Can ta ninke shi ta ajiye a kan kujera.

“Zan aiko da maganin. Baban Auta, fari kafin abinci, ja bayan abinci. In ka haɗa mini su, ni da kai ne. Gobe da sassafe ina nan.”

Ban san ko kwana ɗaya ne ba, ko fiye. Ban tambaya ba.

Ina rubutun nan a kicin. Daga ɗakin ina jin injin yana ƙara, ya yi shiru, ya daɗe, ya sake ƙara. Yanzu ya tsaya, tana buga sanda a ƙafar tebur. Ni take kira.